Kwanon Sulhun Yaya Hammadu

Yayana Hammadu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai yarda akwai faɗan da tuwo ba zai kashe ba. Ke Halima Sa'adiya da tsufansa kika san shi, yana zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya, ba ki san shi da ƙarfinsa ba. Matso da faifan nan, muna ɓarar gyaɗar ina ba ki labari.

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakanmu ne ya gaji da yawo ya kafa bukka a nan Gude, ya ce ƙafarsa ta ƙoshi. Shanun suka yi ta raguwa, gona ta yi ta ƙaruwa, har aka zo kan Yaya Hammadu. Shi abin da ya gada shanun huɗa biyu ne, da 'yan tumaki, da wani tsohon akushin babanmu da ya tsage aka ɗinke shi da waya. Dogo ne siriri, in yana tafiya sai ki ce karan dawa iska ke kaɗawa. Ba malami ba ne, ba mai unguwa ba ne, ba shi da sarautar komai. Amma duk inda aka yi rigima, daga nan har Kabo, har can wajen Gwarzo, sai ki ji an ce a kai wa Hammadu.

Shi ba ya tambayar wa ya fara. Sai ya sa matarsa Yelwa ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da man shanu, a zuba a kwano ɗaya. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zaunar da masu faɗan, gwiwa na gogar gwiwa, ya ce bismilla. Shi ba ya ci, kallonsu kawai yake yi. Yakan ce hannun da ya gamu da ɗan'uwansa a cikin miya kunya yake ji ya koma ya yi mari. Kuma abin yana ci. Da idona na ga wa da ƙani da suka shekara uku ba sa gaisawa a kan iyakar gona, sun tashi daga tabarmar nan kowa na tura wa ɗan'uwansa lomar ƙarshe. Yelwa dai takan ce ba kwanon ba ne, miyarta ce. Amma a tsakar gida take faɗa, ba ta kai maganar zaure.

To yana da kare, sunansa Duna. Kin san mu ba ma barin kare ya shiga ɗaki, ba ma barinsa kusa da tukunya ko buta, amma mai tumaki ba ya rasa kare. Duna baƙi ne wuluk. Tun yana ɗan kwikwiyo Yaya ya tsince shi a hanyar gona, shekara goma sha ɗaya suna tare. Da safe Yaya na gaba da fartanya a kafaɗa, Duna na baya. Ya tsufa, bakinsa ya yi furfura, haushinsa ya koma kamar tarin tsohon da ya sha taba. Makwancinsa ƙarƙashin rumbun gero, ya tona rami a wurin daidai jikinsa. Yaya ba ya shafa shi saboda alwala, amma hirar da yake yi da karen nan ta fi wadda yake yi da mu. Maganar damina, ciwon gwiwarsa, halin surukansa, duk Duna ya sani.

Ni lokacin mai gidana ya rasu, na dawo ina zaune a sashen da ke jikin nasu, danga ce kawai tsakaninmu, ita ma da ƙofa. Shi ya sa komai a gabana aka yi.

Sai aka kawo mana wani malamin firamare, Malam Dalyop, mutumin Filato, Kirista, shi da matarsa Anastasiya. Suka sauka a gidan da ke kallon namu. Mutanen kirki. Ita ce ta koya wa Yelwa gwaten acca. Su ma suna da kare, wai Taiga. Ja ne, gajere, ƙirji kamar turmi, matashi, in yana tafiya sai ki ce yau aka ba shi kakin ɗan sanda. Har takardar allura gare shi. Ni da na haifi takwas ba ni da takardar komai.

Wata damina mahaifiyar Malam Dalyop ta kwanta ciwo, aka yi hutun makaranta, za su tafi gida jinya. Direba ya ce shi motarsa ba ta ɗaukar kare. Sai ga Malam Dalyop a ƙofar gidanmu, ya jawo Taiga da igiya, matarsa na biye. Aka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi ruwa, aka tambayi 'yan makaranta.

Ya ce, "Baba Hammadu, amana na kawo maka. In Allah ya yarda kafin a yanke gero mun dawo."

Yaya ya ce, "Amana ta karɓu. Gidan da ya ɗauki kare ɗaya zai ɗauki biyu. Ka gaida mai jiki."

Anastasiya ta rusuna ta ce, "Baba, shi dai abincinsa a riƙa ba shi shi kaɗai, ba ya son..."

Yaya ya ɗaga mata hannu yana murmushi. Ya ce, "'Yata, ni za ki koya wa zaman lafiya? Ku je kawai, Allah ya kiyaye hanya."

Suna juya baya ya fara aikinsa. Ya ce baƙo sai an karrama shi. Ya ɗauko tsohon buhu ya shimfiɗa a ƙarƙashin rumbu, a cikin ramin Duna, ya ɗaure Taiga a wurin. Sannan ya juya ya yi wa Duna bayani. Ya ce, "Kai ɗan gida ne, duk inda ka kwanta gidanku ne. Ka yi haƙuri da baƙo." Duna ya dubi ramin, ya dubi Yaya. Ni dai ban san yaren karnuka ba, amma wannan kallon na fahimce shi.

Da la'asar aka kankaro ƙanzo, aka haɗa da sauran tuwon rana. Yaya ya juye duka a kasko ɗaya, ya kwance Taiga, ya ajiye kaskon a tsakiyar gida, ya ja da baya ya harɗe hannu, irin yadda yake yi a zaure. Har bismilla ya yi musu.

Duna ya sa baki ta nan, Taiga ya sa ta can. Hancinsu ya gamu a kan ƙanzo. Daga nan ban ƙara ganin kare biyu ba, sai wani dunƙule guda, rabi baƙi rabi ja, yana birgima yana ƙara. Kaji suka hau danga. Tunkiya ta tsinke igiya. Yaya ya faɗa tsakiyarsu yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, ku 'yan'uwan juna ne." Taiga bai san shi ba, ya cafki ƙafar wandonsa ya yage ta har gwiwa. Yelwa ce ta fito da bokitin ruwan wanki ta sheƙa musu. Karnukan suka rabu, amma rabin ruwan a kan Yaya ya sauka.

Ya tsaya yana ɗiga, kumfa a gemunsa. Ya ce, "Ranar farko ce. Su ma mutane wani sa'in sai an yi tuwo biyu."

Yelwa ta ce, "Malam, mutanen sun taɓa yaga maka wando?"

Ya shige ɗaki ya sauya wando.

Washegari ya ce ya gano matsalar. Kaskon ne ya yi ƙanƙanta, kuma ba shi da daraja. Babban sulhu sai babban kwano. Sai ga shi ya fito daga ɗaki da akushin babanmu. Na ce, "Yaya, akushin Baba za ka ba karnuka? Ni ma fa ina da gado a ciki." Ya ce, "Zinnira, akushin nan ya tsage, ko miya ba ya riƙewa. Baba da yana da rai zai so a ce kwanonsa ya kashe faɗa." Na ce Baba da yana da rai da wannan akushin zai rotsa maka kai. Ya yi kamar bai ji ba.

Wannan karon kafin ya ajiye abincin sai da ya yi musu nasiha. Ya ɗaure wannan a turken tunkiya, wancan a jikin rumbu, ya jawo kujera ya zauna a tsakiya. Ya ce, "Duna, kai babba ne, babba juji ne, kowa ya kwaso shara kansa yake zubawa. Kai kuma Taiga, ban san yadda ake yi a Filato ba, amma mu nan yaro ba ya ɗaga wa babba murya. Duniyar nan nawa take? Yau ga ku, gobe babu ku." Ya daɗe yana yi. Duna ya yi hamma. Taiga yana sosa kunne da ƙafar baya, Yaya ya ce kin gani, yana gyaɗa kai.

Ya kwance su, ya ajiye akushi. Ko numfashi uku ba a yi ba aka koma inda aka tsaya jiya. Yelwa tana tsaye da bokiti dama tun kafin a fara.

Rana ta uku sai ya tuna da shanu. Kin san in za a koya wa sabon sa huɗa, da tsohon sa ake haɗa shi, wuya da wuya, tsohon ya yi ta jansa har ya ladabtu. To Yaya ya ce abin da ya ladabtar da sa ba zai gagari kare ba. Ya tufka igiya mai baki biyu, ya ɗaura ɗaya a wuyan Duna, ɗaya a wuyan Taiga, ya riƙe tsakiya, wai za su gona tare. Suna fita ƙofar gida Duna ya bi ta damansa kamar yadda ya saba, Taiga ya hango gidan ubangidansa ya bi ta hagu. Suka zaga shi, suka sake zagawa, igiya ta naɗe masa ƙafafu kamar an ɗaure damin gero. Sai ji muka yi tim. Ya faɗi a kan tulin takin da aka tara za a kai gona. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya da tuluna a kai. Wata ta ce, "Sannu Baba, lafiya?" Yana kwance ya ce, "Lafiya lau, takin nake dubawa ko ya nuna."

Duk wannan Yelwa tana haƙuri. Abin da ya kai ta bango daddawa ce. Kwana uku tana wahalar kalwa, ta dafa, ta wanke, ta rufe, ta daka, ranar Litinin ta baza a tabarma tana shanya. Yaya ya zo da akushinsa. Dunƙulen nan ya bi ta kan tabarmar ya wuce, ya dawo ya sake bi. Da ruwa ya raba su, daddawa ta koma ƙasa da gashin kare, kunnen Duna na hagu ya tsage yana jini.

Yelwa ba ta ɗaga murya ba. Ita in ta yi sanyi a lokacin ake jin tsoronta. Ta naɗe tabarmar ta jingine, ta ce, "Malam, ran Juma'a Zailani zai zo daga Mainika." Zailani ƙaninta ne, yana da lambu. Ta ce, "Ya daɗe yana neman karen da zai ɗaure a lambunsa. Ɗaya zai bi shi."

Yaya ya ce, "Taiga amana ne. Ba a kyauta da amana."

Ta ce, "To ka san wanda zai tafi ke nan."

Ya dubi Duna yana lasar ƙafa a gindin danga. Ya ce, "Yelwa, karen nan ya tsufa. In aka ɗaure shi a inda bai san kowa ba, ba zai ga kaka ba."

Ta ce, "In kuma ya zauna a nan wancan ne zai ƙarasa shi. Dubi kunnensa. Ni ba mugunta nake yi ba. Ran Juma'a a ba su abinci a gaban Zailani. In sun ci lafiya na janye maganata. In sun yi abin da suka saba, Duna ya hau babur."

Talata Yaya ya sake gwadawa, har romon ƙashi ya zuba musu wai ko daɗin abinci zai sanyaya musu zuciya. Ranar faɗan ya fi na kullum. Laraba da safe aka aiko masa daga ƙauyen Kara, wasu surukai sun saɓa a kan tunkiyar kiwo, sai ya je. Ba ya iya cewa a'a. Yelwa kuwa ta ce ita ta wanke hannunta daga hidimar karnuka. Sai ya leƙo ta danga ya ce, "Zinnira, ki ba su abinci yau da gobe. A akushi, tare, kada ki karya mini magani."

Na ce to. Amma ni Allah ya sani tsoron kare nake yi, ko Duna da na sani tun yana ɗan kwikwiyo ba na matsawa kusa da shi. Da la'asar na shigo da ƙanzo, sai na tarar abin ya sauya. Ashe Taiga shi bai damu da ƙarƙashin rumbun ba, Yaya ne ke ɗaure shi a wurin. Da ya samu kansa a sake sai ya koma zaure ya kwanta, ya sa hanci a bakin ƙofa yana kallon gidan ubangidansa. Duna kuwa ya lallaɓa ya koma raminsa, ya ture buhun waje.

Na tsaya na ce, yanzu ni in kira waɗannan su haɗu a gabana, ga ni da ciwon ƙugu, ko gudu ba na iyawa? Sai na lallaɓa na jawo ƙyauren kara na rufe tsakanin zaure da tsakar gida. Na samo wani fasasshen kasko a bayan ɗakina, na zuba rabi, na tura wa Duna da doguwar gora daga nesa. Sauran na bar shi a akushi, na zagaya ta waje na tura wa Taiga. Na koma sashena na tsaya a bayan danga ina jiran ƙara.

Shiru. Sai ƙarar lasar kwano.

Washegari da safe haka, da la'asar haka. In sun gama na janye kwanukan da gorata, sannan na buɗe ƙyaure. Har Taiga ya shigo tsakar gida ya kwanta a inuwar darbejiya, Duna na ƙarƙashin rumbu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Kaji suka sauko daga danga. Yelwa tana tankaɗe tana kallo ta wutsiyar ido. Na ce, "Kin ga abin da na gani?" Ta ce, "Na gani. Ke za ki gaya wa yayanki. Ni in na faɗa cewa zai yi dama can ban yarda da kwanonsa ba."

Alhamis da yamma ya dawo. Ya tsaya a bakin tsakar gida ya ga karnuka biyu kwance, ba mai ko ɗaga kai. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Zinnira, kin gani? Kwano ɗaya kamar sassaƙe yake, a hankali yake ratsa jiki."

Na bari ya sha ruwa, ya yi salla, sannan na same shi a zaure. Na ce, "Yaya, ban bi maganarka ba. Daban-daban na ba su, da ƙyaure a tsakani. Ba don wayo ba, tsoro ne ya sa ni."

Ya ce, "Shekara arba'in ina haɗa mutane. Ke kwana biyu kin raba karnuka, har kina zuwa ki ba ni labari."

Na ce, "Amma ba su yi faɗa ba."

Ya ce, "Maƙabarta ma ba a faɗa. Wannan ba sulhu ba ne, gaba ce aka yi mata shimfiɗa. Gobe a akushi ɗaya za su ci. So kike Zailani ya koma Mainika ya ce ya ga Hammadu yana raba kwano? Wa zai ƙara kirana?"

Na ce, "To ka zaɓa, ko a ƙara kiranka ko Duna ya kwana a gida." Na tashi na bar shi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Zailani a kan babur, ya ɗauro buhu da igiya a baya. Kin san ƙanin mata da mijin ya, wasa ne tsakaninsu, shi kuwa Zailani bakinsa ba linzami. Tun daga ƙofa yake cewa, "Salamu alaikum, ina fasinjana? Yaya, an ce mini ka koma alƙalin karnuka, har ɗaya ya ɗaukaka ƙara a wandonka."

Yaya ya ce, "Shigo dai, mara kunya. Ka ga aiki yau."

Labari ya riga ya zaga, maƙwabta sun jeru a jikin danga, wasu sun ce wai aron rariya suka zo. Yelwa ta ajiye bokitinta a kusa, ta zauna a kan turmi. Yaya ya shiga ya fito riƙe da akushi cike da ƙanzo.

Karnukan na ganin akushin a tsakiyar gida suka miƙe. Gashin bayan Taiga ya tashi tsaye. Duna ya ɗage leɓe, haƙoran da suka rage masa suka fito. Zailani ya fara kwance bakin buhu.

Yaya ya sunkuya zai ajiye, sai ya tsaya a haka, akushi bai taɓa ƙasa ba. Duna ne ya ɗingiso ya zo ya tsaya a damansa, daidai inda yake tsayawa in za su gona, kunnen nan da ya tsage ya langaɓe. Taiga na matsowa a hankali. Yaya ya dubi kunnen, ya dubi buhun Zailani, ya dubi mutanen da ke jikin danga. Ya daɗe a sunkuye har na ce bayansa ne ya riƙe.

Sai ya miƙe. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Zinnira, ina kaskon nan naki?"

Na kawo. Ya raba ƙanzon biyu da hannunsa. Ya kira Taiga zuwa zaure, ya jawo ƙyauren kara ya rufe. Ya dawo ya ajiye wa Duna nasa a ƙarƙashin rumbu, sannan ya zagaya ya kai wa Taiga akushi. Gida ya yi tsit, ba ki jin komai sai lasar kwano ta nan da ta can. Da suka gama ya kwashe kwanukan, ya buɗe ƙyaure. Taiga ya shigo ya wuce inuwar darbejiya ya kwanta. Duna ko kallonsa bai yi ba.

Zailani ya ce, "Af, ni an ce mini kwano ɗaya ne. Ko idona ne ke ganin biyu?"

Yaya ya gyara hula. Ya ce, "Kai yaro ne, ba ka san al'ada ba. Ina ka taɓa ganin an shigo da baƙo tsakar gida an haɗa shi kwano da mai gida? Baƙo a zaure ake kai masa nasa. Kuma babba shi ke fara sa hannu. Ni ne na yi mantuwa kwanakin baya."

Zailani ya juya wajen yayarsa. Ya ce, "Yaya Yelwa, wannan ai maguɗi ne."

Ta ce, "Ni cewa na yi su ci lafiya. Ban ambaci kwano nawa ba. Naɗe buhunka."

Ya ce, "To ni na ƙona mai tun daga Mainika a banza ke nan."

Yaya ya ce, "Ba a banza ba. Mutumin da ya zo da buhu zai raba ni da karena, akwai faɗa tsakanina da shi. Yelwa, ɗora tukunya." Aka tuƙa tuwo, aka kaɗa kuka, aka kai zaure a kwano ɗaya. Ranar ce kaɗai na ga Yaya ya sa hannu a kwanon sulhu. Zailani ya cinye fiye da rabi, bai tura wa kowa lomar ƙarshe ba.

Haka aka ci gaba. Kowa da kwanonsa, kowa da makwancinsa, in gidan ba kowa sai a rufe ƙyaure. Sun ƙara yi sau ɗaya, ranar da wani ya wurgo ƙashi ta kan danga, tun daga nan Yaya ya hana kowa wurgo musu abu. Da aka yanke gero su Malam Dalyop suka dawo, tsohuwa ta samu sauƙi. Yaya ya zaunar da Anastasiya ya yi mata dogon bayani, wai ta kula, karen nan nata shi kaɗai ake ba shi abinci, ba ya son a haɗa shi da kowa. Ta rusuna ta ce, "To Baba, na gode, zan kiyaye." Yarinyar nan tana da tarbiyya.

Taiga ya koma gidansu, amma kullum da safe sai ya fito ya raka su gona. Yaya a tsakiya, Duna a dama, Taiga a hagu can nesa, ba igiya. Duna ya ƙara damina biyu. A raminsa ya mutu, wata ranar kasuwa da hantsi. Yaya ya haƙa masa rami a gefen gona, ya binne shi da hannunsa.

Mutane kuwa ba su daina kiransa ba, har ya tsufa yana haɗa su kwano ɗaya. Sai dai wata rana yana tufka ya ce mini, "Zinnira, kwanon nan da kunya yake aiki. Shi kuwa kare Allah bai ba shi ba." Tun daga shekarar nan in zai yi sulhu sai ya sa Yelwa ta ajiye wani kwanon wofi a bayan ƙofar zaure, ko da za a kawo masa irin su Taiga.

Sau ɗaya na ga ya fito da shi. Wasu dattawa biyu ne, da gemunsu da rawaninsu, suka kama kokawa a kan tsoka ɗaya a cikin miya. Ba zan gaya miki sunansu ba. Ɗaya dai kin san shi, duk salla kina zuwa gaishe shi. Miƙo mini kwandon nan, ɓawon ya cika faifai.